Kilo 13 a shekara uku: nazarin tafiyar yayata wajen rage ƙiba

Littafin da muke rubuta nauyin yayata a ciki ɗan ƙaramin littafin makaranta ne mai layi-layi, bangonsa har ya yi laushi don yawan juyawa. A layin farko an rubuta kilo 98. A layin wata na 36, kilo 85. Wanda ya dubi lambobin nan biyu kawai zai zaci ta riƙa sauka ne sannu-sannu ba gargada, abin da bai kai rabin kilo ba kowane wata. Ba haka aka yi ba. Kilo goma sun tafi cikin wata shida na farko. Daga nan sikeli ya tsaya cik har wata takwas. Sai kuma ta maido biyar. Sauran tafiyar ta ci wata 17. Da izininta nake rubuta wannan, bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta. Ni ba likita ba ne. Ƙanenta ne ni, mai riƙe mata littafi, kuma wanda ya fi kowa a gidan naci wajen karance-karance, abin da ya taimaka wani lokaci, wani lokacin kuma ya ɓata.

Inda aka tashi

Shekararta 44 a lokacin, tsayinta mita 1.62, 'ya'yanta huɗu, aikinta na ofis ne, zama daga safe har yamma. Ciwon gwiwa ne ya kai ta asibiti. Hawan bene ya zame mata aiki, in ta durƙusa kuwa sai ta dafa bango take miƙewa. Likitar da ta duba ta ta haɗa da gwajin jini, awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ya fito 6.1. Daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin ƙofar ciwon sukari ne, daga 6.5 kuwa an shiga. Mahaifinmu ya yi fama da ciwon shekara da shekaru, don haka lambar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Ma'aunin BMI ɗinta, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi, ya kai 37. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa 25 a matsayin nauyi ya wuce kima, 30 kuma ƙiba. Ƙugunta santimita 108, alhali ga mace in ya kai 88 haɗarin ya yi yawa.

Ta tambayi likitar, "To nawa zan koma?" A ranta 70 take so, nauyinta kafin haihuwar fari.

"Hajiya, kilo bakwai nake nema a wajenki. In kin kawo su sai mu yi wata maganar."

Ta fito tana mita, wai kilo bakwai ko a ido ba za a gani ba. Amma lambar tana da tushe. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, an ɗauki mutum 3,234 masu irin matsayinta, sukarinsu ya hau amma bai kai ciwo ba. Rukuni ɗaya aka nemi su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Rukuni na biyu aka ba su metfomin, maganin rage sukarin jini, na uku ƙwayar da ba magani a ciki. Cikin kusan shekara uku, shiga ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a rukunin farko, da kashi 31 a na metfomin. Kashi 7 na 98 kuwa kusan kilo bakwai ne.

Wannan ne karo na uku da ta gwada. Sau biyu a baya ta yi irin na a-yi-a-gama: ta yanke abinci kusan gaba ɗaya, ta haɗa da shayin da ake tallatawa wai yana narka tumbi, wanda aikinsa dai sa gudawa. Kowane karo takan zubar da kilo biyar ko shida cikin wata guda, ta maido su da riba kafin shekara ta zagayo.

Wata shida na farko

Likitar ba ta hana ta cin komai ba a ranar. Cewa ta yi ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta har mako biyu, kada ta canza komai. Ni na raina wannan shawara, na ga kamar ɓata lokaci ne. Da muka zauna muka karanta takardar sai na yi shiru. Abincinta na zama, na safe da rana da dare, bai fi na kowa yawa ba. Ɓarnar tana gefe: lemon kwalba biyu a ofis, shayi mai sukari sau uku, biskit a aljihun tebur, da ragowar abincin yara da take cinyewa a tsaye don kada a zubar. Gwangwani ɗaya na lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen gram 35, kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 140, kuma ba ya rage wa mutum yunwa sosai.

Sai maganar mai. Wata Asabar na ce ta tsiyaya man girki kamar yadda ta saba, amma a cikin kofi maimakon tukunya. Ta karkata galan, ta ɗan jira, ta ɗaga, kamar yadda hannunta ya yi shekara ashirin yana yi. Na ce ta ƙiyasta. Ta leƙa ta ce, "Cokali uku, ko huɗu." Muka auna da babban cokali, ina ƙirgawa da ƙarfi, yara sun tsaya suna kallo. Tara. Kowane cokali kalori wajen 120 ne. Mutum shida ke cin tukunyar, gaskiya, amma sau biyu ake ɗora ta a rana. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen mai dai bai sani ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce: a wani bincike da aka wallafa a 1992 kan mutanen da suka rantse suna cin kaɗan amma ba sa ramewa, da aka auna sai aka tarar abin da suke faɗa sun ci ya gaza na gaskiya da kashi 47 cikin ɗari. Ba wanda ya ce ƙarya suke yi. Mantuwa ce da kuskuren ido.

Abin da ta canza ɗan kaɗan ne. Lemo ya koma ruwa. Aka rataye cokali a jikin galan ɗin mai. Ragowar yara ta koma firiji. Ta fara tafiya a ƙasa minti goma bayan tashi daga aiki, saboda gwiwar ba ta yarda da fiye da haka ba, kafin wata biyu ta kai minti 30, kwana biyar a mako.

Mako biyun farko ta sauke kilo uku, ta kira ni tana murna har da lissafin cewa kafin wata biyar za ta kai 70. Na ɗauki biro. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori wajen 7,700. Kafin ta ƙona kilo uku na kitse cikin kwana 14 sai ta rage fiye da kalori 1,600 kullum, ita kuwa ba ta rage ko rabin haka ba. Galibin abin da ya tafi ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kowane gram kuma yana riƙe da ruwa wajen gram uku. In aka rage zaƙi aka fara motsi, ajiyar ta ragu, ruwan sai ya bi ta. Ba ta ji daɗin bayanin ba. Amma da saurin ya ragu zuwa abin da bai kai rabin kilo ba a mako, ba ta firgita ba.

A wata na shida ta kai 88. HbA1c ya sauka zuwa 5.8. Ta daina dafa bango. Masu binciken ciwon gwiwa sun auna cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, to ga wanda ya rage goma sai a lissafa.

Wata takwas da sikeli ya ƙi motsi

Nan ne ainihin lamarin, kuma nan ne na yi kuskure.

Daga wata na bakwai zuwa na 14, shafukan littafin kusan iri ɗaya ne: 88.1, 87.6, 88.4, 87.9. Tana tafiyarta, ba ta koma lemo ba. Da farko muka ɗora wa sikelin laifi muka sayi sabo, ya faɗi abin da tsohon ya faɗa. Sai ta zargi ƙwayar maƙogwaro da ke daidaita ƙona abinci a jiki, aka gwada, lafiya lau. Ta fara hawa sikeli sau uku a rana, lambar safe ta faranta mata, ta yamma ta ɓata mata rai, alhali nauyin mutum yakan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya zuwa biyu a rana ɗaya saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji, ga mace kuma har da lokacin al'ada. Maganarta kullum ita ce, "Jikina ya ƙi."

Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta fuskar da take nufi ba. Jiki mai kilo 88 yana ƙona ƙasa da abin da mai kilo 98 ke ƙonawa, ko a kwance ko a tafe. Ƙiyasin da Kevin Hall da abokan aikinsa na cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka yi shi ne kalori 20 zuwa 30 a rana kan kowane kilo da aka rage, wato 200 zuwa 300 a wajenta. Wannan kowa ya ji labarinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya ɓangaren. A 2016 suka bi mutanen da ke shan wani maganin ciwon sukari mai zubar da sukari ta fitsari, waɗanda ke ramewa ba tare da sun yi niyyar rage ci ba, suka lissafa yadda cinsu ya ƙaru. Kan kowane kilo da ya tafi, sha'awar abinci ta ƙaru da kalori wajen 100 a rana. Ke nan yunwar ta ninka raguwar ƙonawar sau uku ko fiye. Mai kilo goma a ƙasa yana tafe ne da jikin da ke neman ƙarin kalori kusan dubu kullum, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma abin ba ya wucewa da wuri. A birnin Melbon na Ostareliya an sa mutum 50 a tsarin abinci mai tsanani na mako goma, suka rage kilo 13 da rabi a matsakaici. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu: girelin, sinadarin da ciki ke fitarwa don tada yunwa, yana nan sama da yadda yake kafin su fara, leptin kuwa, wanda kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, yana ƙasa. An wallafa wannan a 2011. Leptin ɗin kansa sai a 1994 aka gano shi, girelin a 1999, don haka duk shekarun da aka yi ana ce wa masu ƙiba ba su da zuciya, ba a ma san da waɗannan ba.

Na ga abin da idona wani dare da na kwana gidanta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na fito shan ruwa, na tarar da ita tsaye gaban firiji, ƙofar a buɗe, hasken yana haska fuskarta, tana yagar burodi tana dangwala a ragowar miya, ba faranti, ba zama. Da safe muna hira ta ce mini, da zuciya ɗaya, jiya ai ba ta ci abin kirki ba. Ban ce komai ba. Da muka sake rubutun mako biyu sai ga su: cokalin mai ya ɓace tun wata uku ba a maye shi ba, ludayin zuba abinci ya ƙara cika, ɗanɗanon gishiri a tukunya ya zama loma uku, Asabar da Lahadi kuma ba lissafi. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. A haɗe sun cike giɓin da ke sa ta sauka.

Ni kuma da na gano haka sai na ɗauki wa'azi. "Yaya, ki ƙara ragewa mana. Ki yanke na rana." Ta yanke na safe da na rana har kwana goma, tana jiri a ofis, ta sauke kilo ɗaya da rabi, rana ta goma sha ɗaya ta ci abin da ya fi na kwana uku, ta yi mako biyu ba ta ɗaga wayata. Da ta ɗaga, abin da ta ce shi ne, "Kai da ba ka taɓa kwana da irin yunwar nan ba, littafi kawai ka sani." Ta yi gaskiya.

Likitar ta kalli shafukan nan takwas da wani ido daban. A ganinta mace da ta rage kashi goma cikin ɗari, ta riƙe shi wata takwas alhali jikinta na ja da ita, tana kan aiki ne, aikin da bai taɓa yiwuwa ba a karo biyun baya. Na koma na duba, na ga lambobi suna bayanta. A wani bincike na mutum 5,145 masu ciwon sukari a Amurka, rukunin da aka ba kulawa ta musamman, da masu ba da shawara da zaman rukuni a kai a kai, sun rage kashi 8.6 a shekarar farko, a shekara ta takwas kuwa abin da ya saura kashi 4.7 ne. Yayata ba ta da komai cikin wannan gata sai likita da take gani duk wata uku. Shawarar da aka tsayar ita ce a daina neman sauka na ɗan lokaci, a maido cokali, a koma hawa sikeli sau ɗaya a mako, ranar Asabar da safe kafin a ci komai.

Shafukan da ba komai a ciki

A wata na 15 mahaifiyarmu ta kwanta rashin lafiya, yayata ce ke kwana da ita a asibiti. Daga nan har wata na 19 babu rubutu ko ɗaya a littafin. Barcinta ya koma awa huɗu ko biyar a kan kujera, tafiya ta tsaya, abinci kuma sai abin da aka samu a tsaye, galibi soye-soye da lemo. Ƙarancin barci ba ƙaramin abu ba ne a wannan harka. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Shikago, aka wallafa a 2010, mutum goma sun ci abinci iri ɗaya da aka rage, wani zango da awa takwas da rabi a gado, wani da biyar da rabi. A zangon gajeren barci kitsen da suka zubar ya ragu da kashi 55 cikin ɗari, yunwa kuma ta ƙaru.

Da mahaifiyarmu ta samu sauƙi aka dawo gida, yayata ta ƙi hawa sikeli har mako uku. Zanenta ya riga ya gaya mata. Wata 'yar uwa ma ta taya shi, a gaban mutane: "Ashe dai an koma gidan jiya?" Ranar da ta daure ta hau, 93.

Abin da ya bambanta wannan karon da na baya shi ne inda ta tsaya. A da, in ta fara komawa sai ta ce an riga an ɓata, ta saki komai, ta wuce inda ta tashi. Wannan karon ta tsaya da kilo biyar ƙasa da mafarinta, kuma ta san ainihin abubuwan da suka zame. Akwai wata rajista a Amurka da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka riƙe shekara guda ko fiye. Kashi uku cikin huɗu nasu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, mafi yawansu kuma suna motsa jiki wajen awa guda a rana. Rajistar ta waɗanda suka kawo kansu ce, don haka ba hujja ba ce cewa sikeli ke sa rama. Amma a lamarin yayata, wata biyar ɗin da ba a auna ba su ne wata biyar ɗin da aka hau.

Ba ta dawo da komai lokaci ɗaya ba. Mako ukun farko awo kawai take yi tana rubutawa. Sai ta gyara lokacin kwanciya. Sai tafiya. A wata na 22 likitar ta ƙara mata motsin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, don wani kaso na nauyin da ake zubarwa tsoka ne: tashi da zama daga kujera ba dafawa, tura bango da hannu, jan roba. Ta ƙara ƙwai ko wake ko kifi a abincin safe, ta ce yana kai ta rana ba ta leƙa aljihun tebur ba. Ta kuma sa wa kanta iyaka: in ta haura kilo biyu sama da inda take, rubutun abinci na mako biyu ya dawo, ba jiran sabon wata. Sau biyu ta taka iyakar. Saukar ta zo a wajen rabin kilo a wata, wani watan ma ba komai.

Maganar allura

A shekara ta uku ta tambayi likitar game da allurar rage ƙiba ta mako-mako, semagulutaid. Da BMI ɗinta ta cancanta. A gwajin da aka wallafa a 2021, na mutum 1,961, masu allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari a mako 68, masu allurar da ba magani kuwa kashi 2.4. Tana aiki ne daidai wurin da ke damun yayata, wato yunwa. Amma waɗanda aka bi bayan sun daina sun maido kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda, ga tsada, ga tashin zuciya da ke damun wasu. Ta ce ba za ta fara abin da ba ta da tabbacin iya ci gaba da shi ba. Likitar ta ce ƙofa a buɗe take, musamman in sukarin ya sake hawa. Ni dai ban ga abin kunya ga wanda ya zaɓe ta ba, kuma bayan darasin da na sha ban sake sa baki ba.

Inda ake yanzu

Kilo 85, kashi 13 cikin ɗari ƙasa da mafari. BMI 32, wato a lissafin hukuma har yanzu mai ƙiba ce. Ƙugu 95, bai sauko 88 ba. HbA1c 5.6 a awo biyu a jere. Tana hawa bene hawa uku zuwa ofishinta, gwiwar takan yi ƙorafi in an yi sanyi. Yunwar dare tana nan, ta ce ta dai rage kaifi, kuma ta koyi zuba abin da za ta ci a faranti ta zauna. Ta daina ambaton 70, ni ma ban tambaye ta ko ta haƙura da shi ba ne.

Littafin ya koma hannunta tun wata huɗu da suka wuce. Asabar ɗin da ta gabata na je gaishe ta, na gan shi kan firiji da biro a maƙale, na buɗe. Ta rubuta 85.6, a gefe kuma da ƙananan baƙaƙe: "barci awa biyar, baƙi kwana uku, cokali yana nan." Za ta koma wajen likita a ƙarshen wata mai zuwa.